Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Sabwufa da Amfilifaya Mai Tsada

Idan kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, fara gano inda kayan sautinka suka gaza. Sau da yawa amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, lafiyarta ƙalau, ƙasan sautin (bes) ne babu.

1. Saurara tukuna. Kunna waƙar da ka sani sosai, ka riƙa ƙara murya a hankali. Idan sautin ya fara karcewa yana sukar kunne, amfilifaya ta kai maƙura, tana datse kan sautin. Wannan datsewar na iya ƙona ƙaramar lasifikar siririn sauti. Idan kuwa komai na fita tas amma ganga ba ta dukan ƙirji, sabwufa kake nema, wato lasifikar da aka ƙera don ƙasan sauti kawai. Kunne na ji har ƙasa zuwa 20 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri), amma yawancin ƙananan lasifikoki suna sarewa tun wajen 50 zuwa 60 Hz.

2. Idan amfilifaya ce, duba lasifikarka kafin ka duba amfilifayar. Lambobi biyu ne abin lura. Ta farko, yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat 1 a nisan mita 1, wanda ake aunawa da dB. Duk ƙarin 3 dB na buƙatar ninka wat sau biyu, don haka lasifika mai 85 dB sai ta ci wat ninki huɗu kafin ta kamo mai 91 dB. Shi ya sa tashi daga wat 100 zuwa 200 ba ya kawo bambancin da mutane ke tsammani. Ta biyu ita ce om, ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Lasifika mai om 4 na jan wuta ninki biyu na mai om 8, kuma amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba za ta yi zafi ta kashe kanta. Nemi ƙarfin RMS, wato wat ɗin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore, da aka auna da tashoshi biyu na hagu da dama suna aiki tare. Lambar PMPO, wato ƙololuwar ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, ta talla ce kawai, kada ta ruɗe ka.

3. Idan sabwufa ce, zaɓi irin akwatin. Rufaffen akwati ƙarami ne, ya dace da kiɗa da matsakaicin ɗaki. Mai rami ya fi girma, ya fi ƙarfi a can ƙasa, shi ne na fina-finai da babban falo, sai dai idan ramin ya yi ƙanƙanta za ka ji yana huci. Sabwufa mai faɗin lasifika inci 12 ta wadatar da yawancin ɗakuna. Tunda sabwufa galibi tana zuwa da amfilifayarta a ciki, tana sauke wa babbar amfilifayarka aikin da ya fi cin wuta.

A ganinmu, matsakaitan sabwufa biyu sun fi babba guda ɗaya. Tsawon igiyar sauti ta 40 Hz ya kai kusan mita 8.6, tana dukan bango tana dawowa, sai wata kujera ta cika da gurnani, wata kuma ba a jin komai. Biyu a wurare daban-daban suna rage wannan ramin da tudun.

4. Nemo mazauninta. Ɗora sabwufar a kujerar da kake zama, kunna kiɗa mai nauyin bes, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ya fi fita daidai, ba inda ya fi ƙara ba, nan za ka ajiye ta. Lungu na ƙara ƙarfi amma yakan kumbura sautin.

5. Saita. Raba sautin a 80 Hz, wato abin da ke ƙasa da haka ya tafi sabwufa, ma'aunin da kamfanin tantance sauti na THX ya tsayar, ka sa manyan lasifikokin a kan zaɓin Small a saitin amfilifayar. Gwada makunnin 0 da 180 (phase) na jikin sabwufar, ka bar wanda bes ya fi cika a kujerarka. Rage muryar sabwufa har ka daina gane inda take. Idan tana ƙugi ko ba kiɗa, jona ta a soket ɗaya da amfilifayar, kada ka cire wayar ƙasa ta filogin.