Yadda za ka karanta tarihin Isra'ilawa har begenka ga Allah ya ƙarfafa

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, musamman mu da muka baro Arewa muna neman na abinci a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende, wannan namu ne. Da yawanmu Sabon Alkawari kawai muke buɗewa, in an zo kan Tsohon sai mu ce ai labarin Yahudawa ne, ga sunaye masu wuyar faɗa. Amma Bulus ya ce a Romawa 15:4 duk abin da aka rubuta tun dā saboda koyarwarmu ne, don mu sami bege. Toh ga yadda nake ganin ya kamata a bi shi.

Ka samu Littafi Mai Tsarki na Hausa tukuna, ko na takarda ko ka sauke a waya yadda ko data ta ƙare zai buɗe. Kar ka riƙa buɗewa duk inda hannu ya faɗa. Fara daga Farawa 12 har ƙarshenta, ka shiga Fitowa 1 zuwa 20, daga nan ka tsallaka 2 Sarakuna 24 da 25, sai Irmiya 28, 29 da 32, Makoki 3, ka rufe da Ezra da Nehemiya. Sura ɗaya a rana ta isa, ai gosulon Oshodi kaɗai zai ba ka lokacin.

Kana karantawa ka riƙe biro kana rubuta shekaru, wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa kuma a nan maganar take. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawari a hannu, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana 30 ya tsaya gaban Fir'auna, tsakanin nan kuwa bauta ce da ƙazafi da kurkuku. Zaman Masar shekara 430, jeji 40. A takarda shafi biyu uku ne ka wuce, amma mutanen nan kwana ɗaya ɗaya suka yi shi ba su san ranar fita ba, yadda kai ma ba ka san ranar da aiki zai samu ko kuɗin haya zai cika ba.

In ka iso Irmiya 29 don Allah ka zauna a kai sosai. Kowa ya haddace aya 11, inda Allah ya ce shirinsa na alheri ne ba na masifa ba, har a jikin mota ake liƙawa, amma wa aka rubuta wa? Mutanen da sarki Nebukadnezzar ya kwashe daga Urushalima zuwa Babila, baƙi a babban birni mai wani yare. Wani annabi Hananiya ya riga ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo, magana mai daɗin ji amma ƙarya ce. Wasiƙar Irmiya ta ce a'a, shekara 70 ne, ku gina gidaje ku dasa lambu ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin ku yi masa addu'a don lafiyarsa ita ce taku. Gaskiya wannan yana taɓa ni, don mu nan sau da yawa jiki na Legas zuciya na ƙauye, wasu ma ba da son ransu suka zo ba, rikici ne ya koro su. Ka yi wa Legas addu'a da sunan unguwarku, ka riƙe sana'arka da gaske, ka sa yara makaranta. Shi kansa Irmiya sojojin Babila na kewaye da Urushalima ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardun cikin tulu. Urushalima ta faɗi wajen 586 kafin haihuwar Almasihu, a 539 Sairus na Farisa ya ci Babila ya ba da izini a koma, aka sake gina Haikali, daga baya Nehemiya ya gama garu cikin kwana 52.

Kar ka ɓoye wa kanka wuraren masu ciwo. Ezra 3 ta ce da aka aza harsashin sabon Haikali dattawan da suka ga na farko kuka suka yi, Ibraniyawa 11 kuma ta ce wasu sun mutu ba su karɓi abin da aka yi musu alkawari ba. Shi ya sa za ka haɗa da Matiyu 1, ka ga yadda zuriyar Ibrahim ta ratsa ta cikin bautar Babila har ta kai ga Yesu. Kuma ina roƙo kar a mai da nazarin nan gardamar siyasar Gabas ta Tsakiya a guruf ɗin WhatsApp, wannan zance ne daban.

Addu'a kuma, ranar da baki ya yi nauyi ka ɗauki Zabura 137 ko 126 ka karanta da ƙarfi, ranar godiya 136. Joshuwa 4 ta nuna Isra'ilawa sun ɗebo duwatsu 12 daga Kogin Urdun don in yara sun tambaya a ba su labari, kai ma ka ware ɗan littafi kana rubuta abin da Ubangiji ya yi maka da kwanan wata. In kuna da zumuntar mata ko ta matasa a cocinku ku raba surorin mako mako, ku gayyato baba ko mama ɗaya da ta daɗe a Legas ta faɗa muku yadda suka fara sujada da Hausa a garin nan.