Yadda Za Ka Tsara Jarinka a Sabuwar Shekara

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mutane da yawa a Kebbi sun ɗebe tsammani, har suna ganin gara a ɓoye kuɗi a gida, alhali tsadar kaya tana rage wa kuɗin da aka ɓoye daraja. Ka fara ware abincin gida na wata uku, domin kada larura ta tilasta maka sayar da kaya a faɗuwa. Sauran ka raba shi: kaso ka sayi shanshera da kaka idan kana da rumbu busasshe, kaso ka sa a Sukuk, wato takardar zuba jari ta gwamnatin tarayya, wadda babu kuɗin ruwa a cikinta. Albasar garin Aliero da ke Kebbi tana da riba, amma tana saurin ruɓewa, don haka a ganina kada ka zuba mata abin da ba za ka jure asararsa ba.