Yadda ake jona sabon inji a layin masana'anta mai sauya fasali

Tun kafin injin ya iso ka tambayi masu ƙera shi da wane yare yake magana, wato tsarin da yake musayar bayanai da sauran injuna, don a nan ake shan wuya, ɗaure shi a ƙasa kam aikin yini ɗaya ne. Wani Modbus yake ji, wanda tun 1979 ake fama da shi, wani PROFINET wani EtherCAT, injinan CNC kuma, masu yanka da sassaƙa da umarnin kwamfuta, da yawansu ta MTConnect suke fitar da bayanai. In layinka kan OPC UA yake tafiya, wanda shi ma wani tsarin musayar bayanai ne, to ka dage sai wanda ya zo da shi, in kuma tsohon inji ne sai a sa masa ɗan akwatin nan mai yin tafinta a tsakani.

Wuta, iska da wayar sadarwa duk su zama na cirewa da makalawa, soket iri ɗaya a ko'ina, volt 24 na sigina, iska wajen bar 6, a kafa fil a ƙasa yadda in an turo injin zai zauna daidai inda ya kamata ba sai an ɗauko tef ana awo ba.

Inda mutane suka fi yin kwaɓa shi ne furogiram. Sai ka ga an cusa komai na sabon injin cikin babban PLC, kwamfutar da ke sarrafa layi, ranar da aka ce a cire injin sai duk layin ya tsaya cak ana neman wanda ya rubuta, shi kuwa wataƙila ya daɗe da barin aiki. Bar kowane inji da ƙwaƙwalwarsa, abin da zai gaya wa layi kaɗan ne, na shirya, ina aiki, na tsaya, na samu matsala. Tsarin PackML, ƙa'idar bayyana yanayin inji, ya riga ya jera irin waɗannan yanayi har 17, ɗauka kawai za ka yi. Wannan rarrabuwar na cikin ginshiƙan masana'anta mai sauya fasali da Yoram Koren na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa suka shimfiɗa a 1999.

Tsaro fa ba a gadonsa daga tsohon tsari. Duk sanda aka matsar da inji a sake duba haɗari, a danna jan maɓallin gaggawa a ga me ya tsaya me bai tsaya ba, a auna tazarar labulen haske, na'urar da ke tsayar da inji in hannu ya ratsa haskenta, da inda hannu zai kai. Sannan a kunna a hankali ba kaya, sai da kaya kaɗan, kana riƙe da agogo ko sabon injin ne zai riƙa jan layin baya. Adireshin IP da kwafin furogiram kuma a adana su inda mai aikin dare zai same su.