Yadda Ake Auna Nauyin Gungun Galaksi Ta Hanyar Lanƙwasar Haske

Kusan duk ɗalibin da na ga ya fara wannan aiki, garaje yake yi ya kai ga zana taswirar ɓoyayyen abu (dark matter, abu mai nauyi da ba a ganinsa), irin wadda aka fitar wa gungun galaksi na Bullet a 2006. Cikin garajen sai ya tsallake taurari, kuma a nan aikin yake lalacewa.

Cewa nauyi yana lanƙwasa haske ba sai na tsaya a kai ba, tun husufin rana na 1919 aka wuce wurin. Abin da muke nema shi ne lanƙwasa mai rauni. Galaksin da ke can bayan gungu ba ya komawa baka ko zobe, ɗan miƙewa kawai yake yi a kewayen tsakiyar gungun, da kashi kaɗan cikin ɗari. Masanin taurari Tyson da abokan aikinsa suka fara ganin haka a 1990, a gungun Abell 1689. To amma kowane galaksi dama yana da nasa fasali irin na ƙwai, wajen 0.3 a ma'auni, wanda ya ninka abin da kake nema sau da yawa. Galaksi ɗaya ba ya gaya maka komai. Raba 0.3 da √N, inda N shi ne yawan galaksi, ka gani: galaksi 900 suna sauke hayaniyar zuwa 0.01, dubu goma zuwa 0.003. Yi wannan lissafi tun kafin ka sauke ko fayil ɗaya.

Sai hotuna. Akwai na kyamarar Hyper Suprime-Cam da ke kan madubin hangen nesa na Subaru mai mita 8.2 a dutsen Maunakea na Hawai, akwai kuma na shirin binciken sararin samaniya na DES daga madubin Blanco mai mita 4 a Cerro Tololo ta Chile. Duk kyauta ne, kuɗin data ne kawai zai ci ka, don haka yanki wurin da gungunka yake, kada ka kwaso sararin gaba ɗaya. Ni na Subaru nake ɗauka, a matatar haske ta i, saboda sun fi kaifi. Ka ba manhajar Source Extractor hoton ta fitar maka da jerin duk abin da ke ciki.

Yanzu ka natsu. Zana girman kowane abu a gefe ɗaya, ƙarfin haskensa a ɗayan. Za ka ga wani siririn layi a miƙe, inda haske ke canzawa amma girma bai canza ba. Taurari ke nan. Tauraro ɗigo ne, ba shi da fasali a irin wannan nisa, saboda haka duk fasalin da ka gan shi da shi a hoto, iskar sama ce da madubi da motsin na'ura suka ba shi. Wannan dishi-dishi shi ake kira PSF, kuma ɓarna biyu yake yi wa galaksi: yana mulmula shi ya rage miƙewar gaskiya, sannan ya shafa masa tasa miƙewar ta ƙarya, wadda kan kai girman abin da kake nema ko ta fi shi.

Ba kowane tauraro ake ɗauka ba. Yar da waɗanda haskensu ya cika fiksel ya tumbatsa. Na ƙasa da su kaɗan ma ka bar su, domin tauraro mai haske sosai yana fitowa da ɗan ƙiba a kan CCD, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara. Masu dusashewa kuma sun cakuɗa da ƙananan galaksi. Na tsakiya ake so. Daga cikinsu ware kashi 20 cikin ɗari ka ajiye, kada ka bari shirin kwamfuta na PSFEx ya gan su sa'ad da yake gina maka samfurin PSF. Da su za ka gwada shi daga baya: cire fasalin da samfurin ya yi hasashe daga wanda ka auna, ka zana ragowar a matsayin ƴan sanduna a kan filin. Idan sandunan sun warwatsu kowanne da inda ya fuskanta, madalla. Idan sun jeru kamar gero bayan iska, koma baya.

A nan na taɓa yin asarar wata biyu. Na yi wa dukan filin lissafi guda, alhali kyamarar faranti-faranti ce, kowane faranti da ɗan bambancin zamansa. Na sami miƙewa mai kyawun gani a gefen hoton, har na ɗauka wani gungu ne. Taurarin da na ware ne suka tona asirin, don su ma sun miƙe ta wannan fuskar, kuma tauraron cikin galaksinmu ba ruwansa da gungun da ke can nesa. Tun daga ranar, kowane faranti da nasa samfurin. Ban yarda da wata hanya ba.

Bayan haka sai auna fasalin galaksi. Fara da hanyar KSB ta 1995, wadda ke cire ɓarnar PSF daga fasalin da ka auna. Tsohuwa ce, amma za ka fahimci kowane layi nata. Kafin ka sake ta a kan hoton gaske, ƙirƙiri galaksi na gwaji da manhajar GalSim, ka sa musu miƙewar 0.02 da hannunka, ka ga ko za ta dawo maka da ita. Galaksin da girmansa bai wuce na PSF ba, watsar da shi.

Tace galaksin baya daga na gungun. Galaksin da ke cikin gungun kansa ba a lanƙwasa haskensa ba, idan ya shiga lissafi sai ya tsinka maka sakamako, musamman kusa da tsakiya. Yi amfani da launi ko ƙiyasin gusawar haske zuwa ja, wadda ke nuna nisan galaksi. Gusawar Abell 1689 0.18 ce, ka ɗauki waɗanda suka wuce shi da tazara mai kyau.

Sauran mai sauƙi ne. Zagaye tsakiyar da zobba, a kowane zobe ka ɗauki matsakaicin −(e1 cos2φ + e2 sin2φ), inda e1 da e2 su ne lambobi biyu na fasalin galaksi, φ kuma kusurwar inda yake daga tsakiyar gungun. Kula da alamar ragin nan. Juya kowane galaksi da digiri 45 ka sake lissafin, dole ya ba ka sifili cikin iyakar hayaniya. Ka kuma gwada a wurin da babu gungu. In duka biyun sun fito da tsabta, ɗora samfurin NFW, wanda ke kwatanta yadda nauyi ke bazuwa daga tsakiyar gungu, a kan zobban, ban da na can ciki inda lanƙwasar ta yi ƙarfi, ka sa nisan gungun da na galaksin baya, nauyin zai fito.