Darasi na 9: Mutumin da Hagu Ta Ɓace Masa

A karanta da ƙarfi, kowa ya ɗauki sakin layi ɗaya.

Wani dattijo hawan jini ya kayar da shi, ya yi mako biyu a asibiti. Ran da aka sallamo shi, 'yarsa ta kawo masa tuwo da miyar kuka. Ya cinye ɓarin dama tas, kamar an raba tuwon da wuƙa, ya ture kwanon.

"Baba, ga saura nan."

"Wane saura? Ai na cinye."

Ta juya kwanon a gabansa. Ya duba, ya ce, "Ke dai ba kya ji. Wa ya ce ki ƙaro?"

Washegari ya yi alwala, ya wanke hannun dama ya bar na hagu a bushe. Zai sa riga, ya cusa kai ta hannun riga. Zai fita, kafaɗarsa ta hagu ta bugi ƙyaure. Da dare aka same shi tsaye a tsakar gidan da shi ya gina, yana neman hanyar bayi. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce rikicin tsufa. Ba ko ɗaya. Idonsa ma yana gani.

Kowa ya ɗora hannu a tsakar kansa, inda gammo ke zama, ya ja shi baya kaɗan wajen ƙeya. A ƙarƙashin nan akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira fariyetal, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Shi ke haɗa abin da ido ya gani da abin da jiki ya ji, ya gaya maka inda hannunka yake, inda bakin ƙofa yake, da tazarar da ke tsakaninka da buta. Da taimakonsa kake kai loma baki ko a cikin duhu. Kowane ɓari na ƙwaƙwalwa ya fi kula da ɓarin jikin da ke ɗaya gefen. In na dama ya lalace, sai mutum ya daina lura da hagu. Ba ya jin ya rasa komai, shi ya sa yake musu. Iyali su riƙe wannan, domin a nan ake yawan ɓata wa juna rai.

A 1978 wasu likitoci biyu a birnin Milan na ƙasar Italiya, Bisiach da Luzzatti, sun ce wa majinyata irin waɗannan su tuno babban dandalin garin, kamar suna tsaye suna fuskantar babbar majami'a. Suka lissafo gine-ginen dama kaɗai. Aka ce to su ɗauka a ƙofar majami'ar suke, suna kallon inda suka tsaya ɗazu. Sai ga su suna faɗin waɗanda suka tsallake, suna barin na farko. Ashe ko a cikin tunani hagun ɓacewa take.

Mu da ke koyon karatu mu lura da wannan: irin wannan majinyaci in ka ba shi takardar boko, daga tsakiyar layi yake farawa. In ajami ne, sai ya faro daga dama daidai, ya tsaya kafin layi ya ƙare.

In ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, abin kan zo daban. Mutum ya rikita dama da hagu, ya kasa faɗin sunan yatsunsa, rubutu da lissafi su gagare shi.

Abin da ya fi jawo wannan ciwo shi ne toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ko fashewarta, wato abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo hakan, ciwon suga ma yana ciki. Faɗuwa a babur ba hular kwano ma tana jawo shi. Awon jinin da ke yawan kaiwa 140 bisa 90 ko sama yana son ganin likita, ko mutum bai ji ciwon kai ba.

In abin ya zo farat ɗaya, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko mutum ya ɓace a ɗakinsa, a nufi babban asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa. Kada a ba shi ƙwaya sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, don maganin toshewa yana ƙara wa mai zubar jini ciwo. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Addu'a a yi ta a cikin mota.

A gida kuwa, kada a riƙa sauya wa kaya wuri. A ɗaura jan ƙyalle a ƙofar bayi. A ja jan layi a gefen hagu na takarda, a ce masa, "Baba, nemo jan layin tukuna." Mai gaisuwa ya zauna ta hagunsa ya taɓa masa kafaɗa, har ya saba juyo da kai. A riƙa duba hannun hagun nan, domin yana iya jingina da kaskon wuta bai sani ba. Ba tuƙi, ba tsallaka titi shi kaɗai. A ci gaba da kai shi wajen masu gashi a asibiti. Da yawa suna samun sauƙi a watannin farko, wasu kuma abin ya kan zauna musu.

Aikin yi

Kowa ya zana agogo a littafinsa, ya rubuta 1 zuwa 12. Sai ya sake zana wani yadda dattijon nan zai yi, lambobin duk a cunkushe a dama.

A rubuta waɗannan sau uku: ƙwaƙwalwa, ɓari, ƙeya, jijiya.

A tattauna: daga unguwarku, wane asibiti ne mafi kusa da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kuma motar wa za a buga wa ƙofa in abin ya faru ƙarfe 2 na dare?