Haɗa injin dafa giya daga hatsi a gida, da abin da ya kamata ka fara ƙarawa

In za ka dafa giya daga ainihin hatsi, ba da zaƙin gwangwani da aka riga aka tace ba, aikin dai guda uku ne: ka jiƙa niƙaƙƙen sha'ir da aka tsirar a ruwan zafi ya saki sukarinsa, ka tafasa wannan ruwan zaƙin da furen hops mai ba giya ɗaci da ƙamshi, sannan ka huce shi ka zuba yis. Duk tulin kayan da kake gani masu ƙyalli a hotuna waɗannan ukun suke yi, ba wani abu ba.

Farawa mafi sauƙi ita ce tukunya ɗaya da jakar raga da ake zuba hatsin a ciki a jiƙa, in an gama a ɗage ta, 'yan Ostireliya ne suka yaɗa wannan salon. Don samun lita 20 ka nemi tukunya mai cin lita 40, kar ka yi rowa ka sayi ta 25 domin kumfar tafasa za ta yi ambaliya kana tsaye kana kallo. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi daɗewa amma alminiyam ma yana aiki. Sha'ir kilo 5 ya isa, kuma ka tuna kowane kilo yana shanye kusan lita 1 na ruwa, tafasar awa guda kuma tana tafiya da lita 3 zuwa 4 a tururi, to ka lissafa wannan tun kafin ka cika tukunya.

Wurin jiƙon nan ne ake yin giya ko a ɓata ta. Kana son hatsin ya zauna tsakanin digiri 64 da 68 har minti 60. In ka tsaya wajen 64 zuwa 65 sukarin da zai fito yis zai cinye shi kusan tas, giyar ta fito sakayau ba nauyi, in ka hau 68 kuma wani sukarin zai rage wanda yis ba ya iya ci, sai ta yi kauri a baki. Shi ya sa ma'aunin zafi mai kyau ya fi min komai muhimmanci a ranar farko, ka gwada shi a ruwan ƙanƙara ya nuna sifili kafin ka yarda da shi. Ruwan ka ɗora shi ya ɗara abin da kake nema da 'yan digiri domin hatsi mai sanyi zai ja zafin ƙasa. Ka kashe wuta, ka lulluɓe tukunyar da tsohon bargo, shi ke nan.

Wasu suna fara da kula, wato akwatin robar nan mai riƙe sanyi ko zafi, a ciki suke jiƙon, su huda ta su sa famfo da matata a ƙasa, tana riƙe zafi sosai kuma tana ba ka damar ɗauraye dusar da ruwa mai digiri 75 zuwa 77 don tatso sauran zaƙin. Tana da kyau, sai dai ƙarin wanke-wanke ne.

Yanzu batun ƙari, nan ne mutane suke zubar da kuɗi a inda bai kamata ba. Kafin injin tura ruwa, kafin tukwane uku a jere, ka fara da abin hucewa: bututun jan ƙarfe da aka nannaɗe, ka tsoma shi cikin tukunya minti 15 kafin ka gama tafasar don zafin ya kashe ƙwayoyin cuta a jikinsa, sai ka tura ruwan sanyi ta ciki. Lita 20 in ka bar ta ta huce da kanta sai ta kwana, kuma duk wannan lokacin ƙofa a buɗe take ga abin da zai tsamar da ita.

Na biyu, tsohon firji da na'urar daidaita zafi irin su Inkbird. Yawancin yis na giyar ale, nau'in da aka fi dafawa a gida, yana son digiri 18 zuwa 20, kuma shi kansa yana fitar da zafi yayin da yake aiki, bokitin zai iya fin ɗakin ɗumi da 'yan digiri, in ya wuce gona da iri sai ka ji wani wari mai yaji kamar na sinadarin fenti wanda ba ya gyaruwa. Gaskiya wanda ke da bokitin roba cikin firji zai doke mai kayan alfarma da ya bar yis ɗinsa a zafi.

Bayan nan sai injin niƙa naka, ka sa ratar rolarsa wajen milimita 1, so ake ƙwayar ta fashe amma ɓawon ya rage da jikinsa don shi ne matata. Ma'aunin nauyin ruwa ma ba tsada: in ya nuna 1.050 kafin ka zuba yis, ya nuna 1.010 bayan yis ya gama aiki, kana da kusan kashi 5 cikin ɗari na barasa. In ruwan famfonka yana da kulorin ka sa rabin ƙwayar sinadarin da ake kira Campden ta kawar da shi.

Injin tura ruwa da tsarin juya ruwan zaƙi, ko na'ura guda mai lantarki irin Grainfather, sauƙi suke kawowa ba daɗi ba, su ne na ƙarshe. In ka kai can tiyo na silikon kawai za ka sa a ɓangaren zafi. Murhun gas a waje ake kunna shi saboda hayaƙinsa mara wari yana kisa, mai lantarki kuma dole soket ɗinsa ya kasance da abin yanke wuta in ruwa ya taɓa. Kuma duk abin da zai taɓa giyar bayan ta huce, cokali ne ko murfi ko tiyo, sai ka wanke shi sannan ka jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyi irin Star San, shi ba a ɗauraye shi.