Shanyewar Ɓarin Jiki: Yadda Za Ka Yi Idan Aka Ce A Yi Hoton MRI

Idan baba ko inna suka wayi gari baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, don Allah kar a tsaya jiƙe-jiƙe ko ɗura ruwa a baki, zai iya shaƙewa. Ka duba agogo, ka riƙe lokacin da aka ganshi lafiya na ƙarshe, sai asibiti. Likita zai tambayeka wannan lokacin, domin allurar narkar da gudan jini tana da iyaka, cikin awa 4 da rabi ake yinta.

Ciwon nan iri biyu ne, ko jijiya ta toshe ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma a ido duk ɗaya suke. Shi ya sa kar a bashi asfirin kafin hoto, in fashewa ce ka ƙara masa zubar jinin. Yawanci CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da hasken X-ray, ake fara yi don yafi sauri kuma yana nuna jini, amma toshewa sabuwa tana iya ɓuya masa. A nan MRI, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da maganaɗisu, ke da amfani, akwai wani salo nasa da suke kira DWI, cikin mintuna wurin da ya rasa jini yake haskawa fari tas.

Kafin a shigar dashi a cire ɗan kunne, awarwaro, zobe, fil ɗin hijabi, haƙorin roba, a goge kwalli, domin na'urar maganaɗisu ne mai ƙarfi. In yana da batirin zuciya ko ƙarfe a jiki ko ɓurɓushin harsashi, ka faɗa tun a bakin ƙofa. Injin yana da ƙara kamar ana bugun ƙarfe, ka gaya masa ya kwanta shiru, motsi yana ɓata hoton.

To in sakamako ya fito kar ka naɗe takarda kawai ka tafi, ka ce likita, me ya jawo? A hoton, ɗan tabo ƙarami can cikin ƙwaƙwalwa yawanci ƙananan jijiyoyi ne da hawan jini ko suga ya lalata. Tabo warwatse dama da hagu kuwa sau da yawa yana nuna gudan jinin daga zuciya ya taso, sai a binciki bugunta, kuma maganin ya bambanta. In gefe ɗaya ne za a duba jijiyar wuya. Yaro mai sikila ma yana iya samu, shima a kaishi hoton da gaggawa.